Manhajojin Haɗa Kiɗa a Wayar Hannu da Kwamfutar Allo: Nazarin Dalilan da Suke Sa Makaɗa Su Fifita Wata a Kan Wata

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin manhajojin da ake haɗa kiɗa da su a wayar hannu da kwamfutar allo, tare da bibiyar dalilan da suke sa makaɗan zamani su saɓa wa juna a kan wadda ta fi cancanta a riƙa. Bayan waiwayen tarihin waɗannan manhajoji daga shekarar 2008, maƙalar ta kasa su gida huɗu gwargwadon yadda kowacce take tsara aikin mai amfani da ita, sannan ta duba tasirin abubuwa uku a kan zaɓin makaɗi, wato jinkirin sauti, da tsarin biyan kuɗi, da kuma fahimtar kiɗa da aka gina manhajar a kanta. Maƙalar ta nuna cewa saɓanin da ake gani ya samo asali ne daga bambancin hanyar aiki da bambancin na'urar da ke hannun kowane makaɗi, ta kuma bayyana abin da hakan yake nufi ga masu haɗa kiɗa a ƙasar Hausa, inda wayoyin Android suka fi yawa, kuma inda kiɗan gargajiya yake da siffofin da yawancin manhajojin ba su tanadar musu gurbi ba.

1.0 Gabatarwa

Duk inda masu haɗa kiɗan zamani suka haɗu, ko a sutudiyo ko a wajen taron bita, da wuya a tashi ba a taɓo batun manhajar da kowa ya fi so ba, kuma da wuya a watse an tsaya a kan magana ɗaya. Wani zai dage a kan GarageBand saboda sauƙinta, wani ya kafe a kan FL Studio Mobile saboda yadda take jera bugun ganga, wani kuma ya fifita Koala Sampler duk da cewa ba ta kai sauran yawan kayan aiki ba. Mai saurare daga gefe yana iya ɗaukar wannan a matsayin musu na son rai, irin wanda ake rufewa da cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma idan aka natsu aka dubi hujjojin da kowane ɓangare yake kawowa, za a tarar da dalilai na fasaha da na tattalin arziki waɗanda ake iya aunawa da bayyanawa.

A wannan maƙala, manhaja tana nufin shirin kwamfuta da ake saukewa a waya domin gudanar da wani aiki, kwamfutar allo kuma tana nufin na'urar nan shimfiɗaɗɗiya da ake sarrafawa da taɓa fuskarta, irin su iPad. An yi amfani da makaɗi a faffaɗar ma'ana, ta yadda ya haɗa da mai kaɗa kayan kiɗa da hannunsa da kuma furodusa, wato wanda yake tsara sassan kiɗa da murya a na'ura har su zama waƙa kammalalliya. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa kowace manhaja tana ɗauke da hoton irin makaɗin da aka ƙera ta dominsa, kuma makaɗi yakan so wadda hoton cikinta ya yi daidai da yadda shi yake fara waƙa, matuƙar wayarsa da aljihunsa sun ɗauke ta.

2.0 Waiwaye a Kan Tarihi

Kamfanin Apple ya buɗe kasuwar manhajojinsa ta App Store a watan Yuli na shekarar 2008, kuma manhajojin kiɗa na farko da suka yi tashe a cikinta sun fi kama da kayan wasa. Daga cikinsu akwai Ocarina ta kamfanin Smule, wadda Ge Wang, malami a Jami'ar Stanford, ya tsara, inda mutum yake hura iska a makirfon waya yana danna ramukan da aka zana a fuskarta, sai sauti irin na sarewa ya fito. Fitowar iPad a shekarar 2010 ita ce ta sauya lamarin, domin faɗin fuskarta ya ba da damar zana maɓallai da madannai masu yawa, kuma a wannan shekara ce kamfanin Korg na ƙasar Japan ya fitar da iElectribe da iMS-20, waɗanda suka kwaikwayi na'urorinsa na haƙiƙa. A ƙarshen shekarar ce ƙungiyar Gorillaz ta Ingila ta saki kundin waƙoƙi mai suna The Fall, wanda jagoranta Damon Albarn ya naɗa da iPad a lokacin da suke zagayen wasa a Amurka.

A watan Maris na 2011 aka fitar da GarageBand a kan iPad, mai layukan naɗar sauti takwas, a kan farashin dala 4.99. Layi a nan yana nufin gurbin da ake ajiye sautin abu ɗaya, kamar murya ko ganga ko jita, domin a iya gyara shi ba tare da taɓa sauran ba, kuma za a gane girman wannan adadi idan aka tuna cewa ƙungiyar Beatles ta naɗi shahararren kundinta na 1967 da na'urori masu layi huɗu. A shekarar 2011 ɗin ce kamfanin Image-Line na Beljiyam ya fitar da FL Studio Mobile, wadda ta isa wayoyin Android a 2013, yayin da Steinberg na Jamus ya fitar da Cubasis a ƙarshen 2012.

Babbar matsalar wancan lokaci ita ce kowace manhaja tana zaune ita kaɗai, sautinta ba ya shiga wata sai an adana shi an kwafe. Manhajar Audiobus ta warware wannan a watan Disamba na 2012 ta hanyar ba da damar tura sauti kai tsaye daga wata manhaja zuwa wata, sannan Apple ya shigar da irin wannan tsari cikin iOS 7, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urorinsa, a 2013, ya kuma ƙara da tsarin AUv3 a 2015, wanda ya ba wa manhaja damar buɗuwa a cikin wata a matsayin ɗori. Zuwa shekarar 2017, batun ko ana iya yin aikin ƙwararru da waya ya zama tarihi, domin a shekarar ce aka san cewa matashin makaɗi Steve Lacy ya haɗa kiɗan waƙar PRIDE. ta Kendrick Lamar da GarageBand a wayarsa ta iPhone, yana jona jitarsa da ƙaramar na'urar iRig, kuma kundin da waƙar take ciki, DAMN., ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa a 2018. Furodusa Madlib shi ma ya bayyana cewa da iPad ya haɗa kiɗan kundin Bandana na 2019.

3.0 Rabe-raben Manhajojin da Irin Makaɗin da Kowacce Take Nufi

3.1 Masu kwaikwayon sutudiyo

Rukuni na farko ya ƙunshi manhajojin da suke jera layuka daga sama zuwa ƙasa, lokaci kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama, tamkar yadda zaren kaset yake wucewa. GarageBand da Cubasis da BandLab da Logic Pro ta iPad duk suna cikin wannan rukuni, kuma an gina su ne a kan tunanin cewa waƙa tana da farko da tsakiya da ƙarshe, cewa makaɗi zai kaɗa ko ya rera a naɗa, sannan a dawo a gyara. Mawaƙin da yake fara waƙa daga baiti da karin murya, da mai jita ko fiyano da yake son ya ji abin da hannunsa ya yi, su ne suka fi yabon wannan rukuni. A cikinsa ma akwai bambanci, domin GarageBand ta ɓoye yawancin maɓallan daidaita sauti saboda kada sabon shiga ya rikice, Cubasis kuwa ta fito da teburin daidaitawa cikakke, abin da ya sa wanda ya saba da babbar manhajar Cubase a kwamfuta yake ganin GarageBand ta ɗaure masa hannu, shi kuma ɗan koyo yake ganin Cubasis ta cika masa ido.

3.2 Masu jera bugu

Rukuni na biyu ya gaji na'urorin ganga na lantarki, musamman TR-808 da kamfanin Roland ya fitar a 1980, wadda take da maɓallai 16 a jere, kowanne yana wakiltar gurbi ɗaya a cikin zagayen kiɗa. Mai aiki yana kunna gurbin da yake son ganga ta buga, ya bar wanda ba ya so, na'ura kuma ta yi ta maimaita zagayen, sannan a ɗora wani a kansa har kiɗa ya cika. FL Studio Mobile da Korg Gadget, wadda ta fito a 2014 da ƙananan na'urori masu sunayen birane, da Caustic, wadda ta daɗe tana yi wa masu Android hidima, duk a kan wannan tunani suka ginu. Wanda bai iya kaɗa kowane kayan kiɗa ba amma yana da kunnen bugu yakan sami kansa a nan, domin ido da yatsa ɗaya sun isa a tsara abin da a da sai an tara makaɗa. Raunin rukunin shi ne sauƙin da yake ba wa maimaici, ta yadda mutum zai iya shafe sa'o'i yana ƙawata zagaye ɗaya ba tare da ya mayar da shi waƙa mai hawa da sauka ba.

3.3 Masu yankan sauti

Rukuni na uku yana farawa ne daga sautin da ya riga ya wanzu. Ana naɗo gutsuren sauti daga tsohon faifai ko daga makirfon waya, a yayyanka shi, a ɗora kowane yanki a kan madanni, sannan a kaɗa madannan da yatsu kamar ganga. Koala Sampler, wadda Marek Bereza ya fitar a 2019, ita ce fitacciya a nan, kuma masu sonta suna yabon ƙarancin matakan da ke tsakanin jin sauti da mayar da shi kiɗa. Wannan rukuni ne ya fi cin moriyar kasancewar waya a aljihu, domin makirfo yana tare da mai shi a kasuwa da tasha da gidan biki, inda kwamfutar tebur ba za ta je ba. A gefe guda kuma, shi ne ya fi kusa da rikicin haƙƙin mallaka, tun da yankan sautin wani ba tare da izini ba yana iya zama keta doka komai ƙanƙantar yankin.

3.4 Kayan kiɗa masu zaman kansu da manhajojin haɗa su

Rukuni na huɗu ya ƙunshi manhajojin da kowacce kayan kiɗa ce guda, kamar Animoog da kamfanin Moog ya fitar a 2011, wadda take ƙirƙirar sauti daga lissafi, tare da manhajojin da aikinsu shi ne jona waɗannan kayan da juna, kamar Audiobus da AUM. Masu wasa a gaban jama'a da masu gwaje-gwajen sabon sauti ne suka fi karkata nan, domin abin da suke nema shi ne kayan da zai amsa motsin yatsa nan take, ko da ba a naɗi komai ba. Fuskar gilashi tana ba su abin da madannan fiyano ba sa bayarwa, wato damar jan yatsa daga wani amo zuwa wani ba tare da yankewa ba. Tsarin Ableton Link, wanda yake daidaita saurin kiɗa tsakanin na'urori da dama da ke kan hanyar sadarwa ɗaya, ya ƙara wa wannan rukuni ƙarfi, domin makaɗa biyu ko uku suna iya wasa tare kowa da na'urarsa ba tare da bugunsu ya saɓa ba.

4.0 Jinkirin Sauti da Bambancin iOS da Android

Jinkirin sauti shi ne tazarar lokaci tsakanin taɓa fuskar na'ura, ko yin magana a makirfo, da fitowar sautin a kunne, kuma ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Asalinsa yana cikin yadda na'ura take sarrafa sauti. A ma'aunin faifan CD, ana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma na'ura ba ta sarrafa waɗannan awo ɗaya bayan ɗaya, sai ta tara su ƙunshi-ƙunshi. Idan ƙunshin yana da awo 256, jiran cikarsa kaɗai yana cin kusan milisakan 6, idan kuma yana da 1,024, jiran ya haura milisakan 23, sannan a ƙara da lokacin shiga da na fita da na lissafin da ke tsakani. Ƙaramin ƙunshi yana rage jinkiri amma yana matsa wa na'ura, kuma idan ta kasa kammala lissafi a kan lokaci sai a ji ƙaras-ƙaras a cikin sautin.

Masana harkar sukan ɗauki milisakan 10 a matsayin iyakar da makaɗi ba ya jin tazara, wanda ya yi daidai da lokacin da sauti yake ɗauka ya ratsa kusan mita uku da rabi a cikin iska. Na'urorin Apple sun daɗe a kusa da wannan iyaka saboda sun gaji tsarin Core Audio daga kwamfutocin Mac, kuma saboda kamfani ɗaya ne yake ƙera na'urar da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Android kuwa tana gudana ne a kan dubban nau'o'in waya na kamfanoni daban-daban, kowanne da irin kayan cikinsa, kuma a shekarunta na farko jinkirin wayoyi da yawa yana haura milisakan 100. Kamfanin Google ya yi gyare-gyare a hankali, inda ya shigar da karɓar na'urorin sauti ta USB a Android 5.0 a 2014, da tsarin MIDI a Android 6.0 a 2015, da kuma AAudio a Android 8.0 a 2017, ya kuma sanya sharaɗin cewa wayar da za a kira ta ƙwararrun sauti kada jinkirinta na shiga da fita ya wuce milisakan 20. MIDI yare ne da kayan kiɗan lantarki suke magana da juna da shi tun 1983, wanda yake aika umarnin amo da ƙarfin bugu a maimakon sautin kansa.

Wannan bayani yana fayyace ɓangare babba na saɓanin makaɗa. Mutum biyu suna iya amfani da manhaja ɗaya, ɗaya ya yabe ta ɗaya ya kushe ta, alhali wayoyinsu ne suka bambanta. Haka kuma jinkiri ba ya cutar da kowane rukuni daidai wa daida, domin mai jera bugu a gurabe ba ya damuwa ko sauti ya makara, tun da na'ura ce take kaɗawa, amma mai buga madanni da yatsu ko mai rera waƙa yana sauraren muryarsa ba zai iya jurewa ba. Abin sauraro na Bluetooth yana ƙara dagula lamarin, domin jinkirinsa yakan wuce milisakan 100, alhali a kiɗa mai bugu 120 a minti, tazarar da ke tsakanin gurbi da gurbi a cikin gurabe 16 milisakan 125 ce kacal. Saboda haka cire ramin abin sauraro daga wayoyi, wanda Apple ya yi a iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, ya zama koma baya ga makaɗa.

5.0 Kuɗi, Mallaka da Ɗorewa

Hanyoyin biyan kuɗi uku ne suka mamaye wannan kasuwa, kuma kowacce tana da magoya baya. Akwai kyauta, kamar GarageBand, wadda Apple ya mayar kyauta ga kowa a 2017, sai dai kuɗinta yana cikin farashin na'urar da ba ta aiki sai a kanta, da kuma BandLab, wadda aka kafa a Singafo a 2015, wadda take aiki a Android da iOS kuma take adana aikin mutum a rumbunta na intanet. Akwai saye sau ɗaya, kamar FL Studio Mobile da Cubasis da Koala Sampler, ko da yake akan sayar da ƙarin sautuka daban. Akwai kuma biyan wata-wata, kamar yadda Logic Pro ta fito a iPad a watan Mayu na 2023 a kan dala 4.99 a wata ko dala 49 a shekara.

Makaɗin da yake da intanet mai ƙarfi yana ganin adana aiki a rumbun intanet alheri ne, domin ko waya ta ɓace aikin yana nan, kuma abokin aiki a wani gari yana iya ɗora muryarsa a kai. Wanda yake sayen data da awo kuwa yana lissafin cewa minti ɗaya na sauti a ma'aunin CD yana cin kusan megabait 10 a kowane layi mai ɓangare biyu, don haka waƙa mai layuka da yawa tana iya lashe abin da ya saya kafin ta gama hawa. Batun ɗorewa shi ma yana da nauyi, domin lokacin da iOS 11 ta daina karɓar tsofaffin manhajoji masu tsarin bit 32 a 2017, waɗanda masu su ba su sabunta ba sun daina buɗuwa, a shekarar kuma aka janye ReBirth ta kamfanin Propellerhead daga kasuwa sakamakon ƙorafin Roland a kan haƙƙin mallaka. Wannan ne ya sa gogaggun makaɗa suke tambaya, kafin komai, ko manhaja tana fitar da kowane layi daban a matsayin fayil na WAV da na MIDI, domin ta haka ne aiki yake tsira idan manhajar ta mutu, kuma ta haka ne ake kai shi babban sutudiyo a kammala.

6.0 Fahimtar Kiɗa da ke Cikin Manhaja da Matsayin Makaɗan Hausa

Alaƙar ƙasar Hausa da kiɗan na'ura ta girmi waɗannan manhajoji. Kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna, fiyanon Yamaha na jerin PSR ne ya zama ginshiƙin kiɗan finafinan Hausa a sutudiyoyin Kano tun daga shekarun 1990, inda mutum ɗaya yake fitar da sautin da yake kama da na kayan kiɗa da yawa. Wayar hannu kuma ta fara shiga harkar ne ta fuskar yaɗawa, domin kundin Anar, wanda makaɗin jita ɗan Nijar Mdou Moctar ya naɗa a Sakkwato a 2008 da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, ya bazu a yankin Sahel ne ta katin memori da Bluetooth. Kamfanin Sahel Sounds ya tattara irin waɗannan waƙoƙi a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan a 2020 ya fitar da jerin waƙoƙin da makaɗa suka naɗa da wayoyinsu suka aika ta WhatsApp.

Abu na farko da yake iyakance zaɓin mai haɗa kiɗa a Kano ko Maraɗi shi ne na'ura. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, shi ne ya fi kowa sayar da wayoyin zamani a Afirka, kuma duk wayoyinsa na zamani Android ne, don haka GarageBand da Logic Pro da AUM da ɗaukacin tsarin AUv3 ba sa cikin lissafin mafi yawan matasa. Abin da ya rage musu shi ne irin su BandLab da FL Studio Mobile da Koala Sampler da Cubasis, wadda ta isa Android a 2020, da kuma Voloco ta gyaran murya. Shawarar da aka gina a kan iPad, wadda ita ce ta fi yawa a rubuce-rubucen ƙasashen Yamma, ba ta amsa tambayar wannan makaɗi.

Abu na biyu ya fi zurfi, domin ya shafi abin da manhaja take ɗauka a matsayin kiɗa. Kusan dukkansu suna buɗewa ne da ma'aunin bugu huɗu da aka kasa gurabe 16, da kuma tsanin amo 12 masu tazara daidai, wanda shi ne tsarin fiyanon Turai. Kiɗan Afirka ta Yamma da yawa yana kasa bugu gida uku, ko ya gwama kason biyu da na uku a lokaci guda, kuma idan aka bar manhaja ta ja kowane bugu zuwa gurbi mafi kusa, wanda shi ne aikin da ake kira daidaita bugu, sai gaba da baya na hannun makaɗi, wanda shi ne gishirin kiɗan, ya ɓace. Kalangu yana sauya amo ne gwargwadon matsa igiyoyinsa a hammata, abin da ya ba shi damar bin karin harshe, goge kuma yana zamewa tsakanin amo da amo, don haka naɗar bugu ɗaya a ɗora a madanni ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. Haka nan fasahar gyaran murya irin ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, tana jan murya zuwa amo mafi kusa a cikin tsanin da aka zaɓa, kuma idan aka tsananta ta tana iya shafe lanƙwasar da mawaƙi yake yi a kan gaɓa mai faɗuwar kari.

Wannan giɓi na zaɓin kasuwa ne fiye da gazawar fasaha. A shekarar 2016 Apple ya ƙara wa GarageBand kayan kiɗan Sin, ciki har da erhu, wanda ake gogawa kamar goge kuma yake zamewa kamarsa, amma babu goge ko kalangu ko kuntigi ko gurmi a cikin kayan da ake taɓawa a fuskar manhajar. Mafita ta kusa tana hannun makaɗan kansu, wato su kashe daidaita bugu ko su sauya shi zuwa kason uku, su naɗi jimlar kiɗa cikakkiya daga hannun makaɗin gargajiya a maimakon bugu ɗaya, su kuma yi hakan da yardarsa da biyan haƙƙinsa, musamman ganin cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba da kariya ga sautin da aka naɗa da kuma fasahohin gargajiya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fifikon da makaɗi yake ba wa wata manhaja yana da tushe huɗu da ake iya tantancewa, wato inda yake fara waƙa, da jinkirin sautin na'urarsa, da yadda yake iya biyan kuɗi da adana aiki, da kuma dacewar ma'aunin manhajar da irin kiɗan da yake yi. Saboda haka tambayar da ta dace a fara da ita ita ce wane aiki za a yi kuma da wace waya, kafin a zo ga sunan manhaja. Ana ba da shawarar cewa sassan nazarin kiɗa da na harsunan Nijeriya da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'i su haɗa hannu wajen auna jinkirin sauti na wayoyin da suka fi yawa a kasuwannin Arewa, su wallafa sakamakon da Hausa, su kuma gina taskar sautukan kayan kiɗan Hausa da aka naɗa da izinin masu su, mai ɗauke da bayanin amo da karin kowane kiɗa. Irin wannan taska ce za ta ba masu ƙera manhaja, na gida da na waje, abin da za su gina a kai, ta kuma ba matashin furodusa damar haɗa kiɗan zamani ba tare da ya tilasta wa kalangu da goge bin ma'aunin fiyano ba.